Da wa aka kwatanta? Kurakuran da muke yi da binciken magani

Wata ɗaliba ta taɓa kawo mini aikin bincikenta na kammala karatu, bakinta har kunne. Ta tara mutanen da aka auna aka ga jininsu ya hau, ta ba su wani jiƙon ganye suka sha mako biyu, da aka sake aunawa sai ga awon yawancinsu ya sauka. "Malam, ka gani, ya yi aiki," in ji ta. Na ce, "Madalla. To ina waɗanda ba su sha ba?" Ta ɗan yi jim, sannan ta ce ai ita ba ta ga amfanin auna wanda bai sha komai ba.

Ba ita kaɗai ba ce. Wannan kuskure shi ne uban sauran, kuma ana samunsa a aikin ɗalibai, a saƙonnin WhatsApp, har a bakin manyan likitoci. Awon jini ba a tsaye yake ba. Dattijon da ya hau acaɓa cikin rana, ya yi awa biyu a layi, ya ga mai farar riga gabansa ya faɗi, dole awonsa ya yi sama. Idan ka tsinto mutane don awonsu ya yi sama yau, ranar da ka sake aunawa na yawancinsu zai dawo kusa da inda ya saba, ko da ruwan randa ka ba su. Haka mura take, haka ciwon baya yake: mutum yana neman magani ne ranar da abin ya fi tsanani, sai sauƙi ya biyo baya, faɗuwa ta zo daidai da zama, magani ya kwashi yabo. Gyaran shi ne a samu rukuni na biyu, masu ciwo iri ɗaya, a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya, waɗanda za a ba maganin da aka saba bayarwa, ko ƙwayar da ba komai a cikinta idan ciwon ba shi da magani tabbatacce.

Samun rukuni biyu bai wadatar ba, sai an duba wanda ya raba su. Likita mutum ne. In yana son sabon maganin, hannunsa zai karkata ya ba wanda ya ga da alamar tashi, ko kuma tausayi ya sa ya ba wanda ya fi jin jiki, kowanne dai ya ɓata lissafi. Ɗalibai kan ce za su raba da ranaku, masu zuwa Litinin wannan, masu zuwa Talata wancan, ko da lambar kati. Wannan ba ƙuri'a ba ce, domin nas ɗin da ke bakin ƙofa ta san abin da ke gaba, tana iya ce wa ɗan maƙwabciyarta ya dawo gobe. A gwajin maganin tarin fuka na istiraftomaisin da aka buga a Birtaniya a 1948, wanda Austin Bradford Hill ya tsara, an yi rabon ne da lambobin ƙuri'a a cikin ambulan rufaffu, likitan da ya karɓi majinyaci bai san ɓangaren da zai faɗa ba. Cikin wata shida, mutum 4 suka rasu cikin 55 da aka yi wa allurar, 14 kuma cikin 52 da suka samu hutun gado kawai. Yau kwamfuta ke fitar da jerin, amma ƙa'idar ba ta canja ba: mai shigar da majinyaci kada ya san abin da ke cikin ambulan na gaba.

Duk wanda ya ga annobar korona ya tuna yadda kulorokwin ya yi tsada a kemis a Maris na 2020, har hukumomin Legas suka sanar cewa an kwantar da mutane saboda sun sha ya wuce kima. Tushen hayaniyar wani ƙaramin bincike ne na Didier Raoult da abokan aikinsa a kudancin Faransa, a kan haidiroksikulorokwin, ɗan'uwan kulorokwin, da suka ce yana maganin korona. Ba a jefa ƙuri'a ba. Mutum 26 aka fara ba maganin, amma 20 aka lissafa. Ina sauran shidan? Uku an wuce da su sashen kulawa ta musamman, ɗaya ya rasu, ɗaya ya bar asibiti, ɗaya ya daina sha saboda tashin zuciya. Wato an tsame waɗanda abin ya yi wa muni, aka ƙirga ragowar. Ko ɗan kasuwa ya cire buhunan da suka ruɓe daga littafinsa zai ga riba. Da aka yi gwajin RECOVERY a Birtaniya da ƙuri'a, mutum 1,561 suka sha maganin, 3,155 suka samu kulawar da aka saba. Cikin kwana 28 kashi 27 cikin ɗari na rukunin farko suka rasu, kashi 25 na rukuni na biyu. Mujallar da ta buga takardar Raoult ta janye ta a Disamba na 2024. Saboda haka in ka ɗauki kowace takardar bincike, ka ƙirga mutanen da suka shiga da waɗanda suka kai teburin ƙarshe. In kai ne mai binciken, kowa ka lissafa shi a rukunin da ƙuri'a ta jefa shi, ko ya sha maganin ko ya zubar.

Akwai wani abin a takardar Faransa: abin da suka auna shi ne ko ƙwayar cutar ta ɓace daga hanci a rana ta shida. Majinyaci kuwa ba hancinsa ne damuwarsa ba, so yake ya koma gida da ƙafarsa. Misalin da ya fi taɓa ni a nan shi ne gwajin FEAST da aka yi a Yuganda da Kenya da Tanzaniya, aka buga a 2011. Shekara da shekaru an koyar cewa yaron da ya zo da zazzaɓi mai tsanani, hannu da ƙafa sun yi sanyi, jijiya ta yi rauni, a ɗura masa ƙarin ruwa da sauri. Kuma ido yana ganin yaron ya ɗan farfaɗo a sa'ar farko, uwa ta sauke ajiyar zuciya. Da aka raba yara 3,141 da ƙuri'a, cikin awa 48 kusan kashi 10.5 cikin ɗari na waɗanda aka ɗura wa ruwan da sauri suka rasu, waɗanda ba a ɗura wa ba kuwa kashi 7.3. Aka tsayar da gwajin kafin lokacinsa. Likitocin da suka yi aikin su kansu sun yi zaton akasin haka za a samu.

Sai dai a yi hattara, don a nan wani kuskuren yake laɓe. Gwajin FEAST bai ɗauki yara masu gudawa da amai ba, bai ɗauki masu tamowa mai tsanani ko ƙuna ba. Yaron da kwalara ta tsotse har idonsa ya faɗa yana bukatar ƙarin ruwa nan take, wanda ya hana shi don ya ji labarin FEAST ya yi kisa da rabin ilimi. Kowace takarda tana da sashen da ke faɗin su wa aka ɗauka, su wa aka bari, kuma shi ne sashen da mutane suka fi tsallakewa. Haka gwajin MORDOR, inda aka raba azitiromaisin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, ga ƙananan yara gari-gari sau biyu a shekara: a yankin Dosso na Nijar mace-mace ta ragu da kusan kashi 18 cikin ɗari, amma a Malawi kusan kashi 6, a Tanzaniya kusan kashi 3. Magani ɗaya, wurare uku, sakamako uku. Kuma ba izini ba ne ga uwa ta je kemis ta sayo wa yaro mai lafiya.

Maganar kashi cikin ɗari ita ma tana da tarko. A gwajin AQUAMAT na 2010, a ƙasashen Afirka tara har da Najeriya, an kwatanta allurar atesunet da kwinin a yara 5,425 masu zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Kanun labari ya ce mutuwa ta ragu da kashi 22.5 cikin ɗari, kuma gaskiya ne. Amma mai karatu kan ɗauka cewa cikin yara ɗari an ceto 22. Ba haka ba ne. Kashi 10.9 suka rasu a ɓangaren kwinin, kashi 8.5 a ɓangaren atesunet. Bambancin yara biyu da ɗan ɗori ne cikin ɗari, wato a yi wa kimanin yara 41 atesunet maimakon kwinin kafin a ceto rai ɗaya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a watan Satumba, lokacin da ake kwantar da yara biyu a gado ɗaya, shi ya sa atesunet ya karɓi wurin kwinin. Amma in aka ce maka wani magani ya rage haɗari da rabi, tambayi rabin nawa. Daga 40 zuwa 20 rabi ne, daga 2 cikin dubu zuwa 1 cikin dubu ma rabi ne.

Sai lambar nan da ɗalibai suke wa kallon hatimin sarki, p ƙasa da 0.05. Da yawa sun ɗauka ma'anarta ita ce akwai tabbacin kashi 95 cewa maganin yana aiki. Labarin shayi ya fi saurin warware wannan. Ronald Fisher ya kawo shi a 1935: wata mata ta ce tana gane ko madara aka fara zubawa a kofi ko shayi. Aka haɗa kofi takwas, huɗu haka huɗu haka, aka cakuɗa. Hanyoyin zaɓar huɗu daga takwas guda 70 ne, ɗaya tak ce daidai, don haka mai cinke zalla zai dace sau 1 cikin 70. Lambar p ke nan: in da babu wani bambanci, sau nawa sa'a kaɗai za ta ba da sakamako mai kyau kamar wannan. Ba ta faɗi girman amfanin ba, ba ta kuma wanke binciken da aka tsara a karkace ba.  A kan cakuɗawar nan gwajin ya tsaya, shi ya sa in ba a jefa ƙuri'a ta gaskiya ba, lambar p ɗin ta rasa ƙasar da za ta taka.

Kuma sa'a tana da yawan baki. Ka yi wa bayananka tambayoyi 20 masu zaman kansu, alhali maganin ba ya komai, damar a samu aƙalla ɗaya ta faɗo ƙasa da 0.05 ta kai kashi 64 cikin ɗari. Masu gwajin ISIS-2 na 1988, wanda ya nuna amfanin asfirin ga masu bugun zuciya a mutum 17,187, sun yi wa wannan ɗabi'a shaguɓe: suka raba majinyata da burjin haihuwarsu, sai ga shi wai asfirin bai amfani 'yan Jauza'u da Mizani ba. In ɗalibi ya zo mini da cewa maganin bai yi aiki ga kowa ba amma ya yi ga mata masu shekara 30 zuwa 39, tambayata ɗaya ce: ka rubuta wannan tambayar kafin ka ga bayanan ko bayan? Babbar tambaya ɗaya ake rubutawa, a ajiye ta wurin kwamitin da ke ba da izini, kafin a taɓa majinyaci na farko.

Izinin nan kuwa mu a Kano ba sai an yi mana dogon bayani ba. A annobar sanƙarau ta 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kusan 200, yara 11 suka rasu, biyar a ɓangaren Trovan, shida a ɗaya ɓangaren. Iyaye sun ce ba a faɗa musu gwaji ake yi ba, kamfanin ya musanta laifi, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009 a kan dala miliyan 75. Tabon ya daɗe, yana cikin abin da mutane suka riƙa ambata lokacin da aka ƙi rigakafin shan inna a 2003. Duk da haka har yanzu ina ganin takardar neman yarda da Turanci, shafi huɗu, ana miƙa wa tsohuwa ta dangwala yatsa. A rubuta ta da Hausa, a karanta mata a gaban shaidan da ba ya cikin masu binciken, a ce mata, "Baba, ko kin ƙi za a duba jikanki kamar kowa, kuma ko kin yarda yau kina iya fasawa gobe." Sannan a roƙe ta ta maimaita abin da ta ji da bakinta kafin a kawo tawada.