Yadda injiniyan da ya yi karatu a ƙetare zai samu rajista da aiki a Abuja

Matakin farko tun kafin a baro ƙasar da aka yi karatu ake ɗaukar sa. Ɗalibi ya karɓi ainihin takardar digirinsa da ta sakamakon kowane zango, idan kuma da Larabci ko Turkanci ko Sinanci aka rubuta su, ya sa a fassara su zuwa Turanci da hatimin hukuma. Kada ya yar da tsohon fasfonsa ko da wa'adinsa ya ƙare, domin bizar karatu da hatimin shige da fice su ne shaidar cewa ya zauna a can.

Da isowarsa Abuja, sai ya miƙa takardun ga Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a tantance su. A nan sai haƙuri, musamman tun da gwamnati ta dakatar da tantance digirorin Benin da Togo a Janairun 2024. Daga nan sai bautar ƙasa, sai dai wanda ya haura shekara 30 lokacin da ya kammala karatu, shi takardar yafewa ake ba shi.

Inda gizo ke saƙa shi ne COREN, hukumar da aka kafa a 1970 domin kula da aikin injiniya, wadda hedikwatarta ke Wuse. Digiri kaɗai, ko daga Landan aka zo da shi, ba ya sa ta yi wa mutum rajista, sai ya nuna gogewar shekara huɗu a ƙarƙashin injiniya mai rajista. Saboda haka a ganina gara ƙaramin albashi a kamfanin da ke da irin wannan injiniya da kwangila mai tsoka wadda babu mai sa masa hannu a kanta. Ya tanadi littafi yana rubuta kowane aiki da kwanan watansa, da zanen da ya yi, da adadin siminti da rodin da ya lissafa, mai gidansa yana sa hannu tun aikin na ɗanye, domin daga nan zai haɗa rahoton da za a yi masa tambayoyi a kai lokacin neman rajista.

Ya kuma shiga ƙungiyar injiniyoyi ta NSE, ya riƙa halartar tarukan reshenta, domin a can zai sadu da manyan da za su tsaya masa, a can kuma ake fara jin labarin guraben aiki.