Darasi na 7: Haɗa Injin Yankan Ciyawa da Yin Aiki da Shi Lafiya

Idan ruwa ya zauna a watan Yuli da Agusta, ciyawa ba ta jiran kowa. Duk wanda ya taɓa aikin lambu a manyan gidajen Nassarawa a Kano, ko Maitama da Asokoro a Abuja, ko ya kula da filin ƙwallon wata makaranta, ya san yau ka yanke, bayan mako ɗaya ta koma kamar ba a taɓa ta ba. Filin da mutum zai yini a kansa da lauje ko adda, bayansa ya ƙage, injin da ake turawa da hannu yana gama shi kafin rana ta yi zafi. Shi ya sa masu gida da yawa yanzu, kafin su ɗauki mai lambu, suke tambayarsa ko ya iya inji.

Wani Bature ɗan Ingila mai suna Edwin Budding ne ya ƙera injin farko a shekarar 1830, bayan ya ga yadda wata na'ura ke aske gashin yadi a masaƙa. Nasa ba ya shan mai, ƙarfin mutum ne ke juya shi. Irin wanda muke magana a kansa a wannan darasi yana shan fetur, yana da taya huɗu, kuma a ƙarƙashinsa akwai doguwar wuƙa guda ɗaya a kwance. Wannan wuƙar tana juyawa kimanin sau 3,000 a minti ɗaya. Bakinta yana gudun da ya kai kusan kilomita 300 a awa, wato ya fi kowace mota da ka taɓa shiga gudu. Kuma ba ka ganinta, murfin ƙarfe ya rufe ta. Ka riƙe wannan a ranka, don duk abin da za mu faɗa a gaba daga nan ya samo asali.

Daga kwali zuwa fili

Sabon inji yana zuwa a naɗe cikin kwali. Kada ka ce za ka ciro shi ta sama kai kaɗai, yana da nauyi, kuma ƙarfensa na yanka hannu. Ka tsaga kusurwoyin kwalin har ƙasa, ka kwantar da gefe ɗaya, ka gangaro da injin a kan tayoyinsa. Ka cire leda da soso da guntayen kwalin da aka cusa, har waɗanda ke maƙale a ƙarƙashi. Ƙananan kaya, irin su noti da washa da makullan mariƙi, ka zuba su a faranti don kada su ɓace cikin yashi. Littafin da ya zo tare da shi kuwa ka adana. Ko karatunka bai kai ba tukuna, hotunansa suna magana, kuma kowane kamfani yana da ɗan bambancinsa.

Kafin ka taɓa komai, ka nemo filogi a gaban injin. Za ka ga wata waya mai kauri da hular roba a bakinta. Ka zare hular, ka kawar da ita gefe yadda ba za ta taɓa kan filogin ba. Muddin hular nan tana waje, injin ba zai tashi ba.

Sai mariƙi. Ka ɗago shi a hankali, idonka a kan siraran wayoyin da suka bi jikinsa, don nan ne ake yawan ɓarna: waya ta shiga tsakanin ƙarfe biyu, a ɗaure a kanta, ta tauye. Ka daidaita ramukan, ka zura noti, ka ɗaure da kyau. Yawancin injuna suna da rami biyu ko uku na tsayi. Ka zaɓi wanda mariƙin zai tsaya daidai ƙugunka, don kada ka yini a duƙe.

A saman mariƙin akwai wani siririn ƙarfe mai lanƙwasa wanda ake matsewa tare da mariƙin. Shi ne birkin inji. Ka matse shi, sannan ka jawo igiyar tayarwa a hankali ka rataye ta a maƙalinta da ke jikin mariƙi. In ba ka matse ba, igiyar za ta yi tauri, ka ɗauka inji ne ya lalace. Daga nan ka sa wa jakar ciyawa firam ɗinta, ka ɗaga ƙofar baya, ka rataye ta, ka saki ƙofar ta zauna a kanta. Tayoyin huɗu kuma, da yake ana ɗaga su ana sauke su, ka sa su a mataki ɗaya. In ɗaya ta fi sauran tsawo, filin zai fito kamar askin ɗan koyo.

Maganar mai

A nan za mu ɗan daɗe, don nan ne sabon inji ke mutuwa tun ranar farko.

Injin da ke cikin kwali babu baƙin mai a cikinsa. Kamfani yana tsiyaye shi kafin a yi lodi. Wanda ya zuba fetur kawai ya ja igiya, injin zai tashi, ya yi 'yan mintoci yana ƙara, sannan ya kame. Gyaransa kuwa ya kusa kuɗin sabo.

Ka duba jikin galan ɗin man, ka nemi ɗaya daga cikin waɗannan rubuce-rubucen: SAE 30 ko 10W-30. Ka kwafe su a littafinka yanzu, don ka nuna wa mai shago. Cikin injin ƙarami ne, abin da yake ɗauka bai wuce kimanin rabin lita ba. Ka tsayar da shi a wuri mai daidai, ka zuba kaɗan-kaɗan da mazurari, ka dakata man ya sauka, ka goge sandar awo da tsumma, ka mayar, ka sake zarowa. Akwai alama biyu a jikinta. Man ya tsaya a ta sama ko ƙasa da ita kaɗan. In ya wuce, injin zai riƙa fitar da farin hayaƙi yana jiƙa filogi.

A wani aji da na koyar, wani dattijo mai gadi, wanda maigidansa ya haɗa masa da aikin lambu, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, gwangwani nawa na baƙin mai zan zuba a cikin fetur ɗin?"

Na ce, "Baba, ko ɗigo."

Ya ce, "Ai janaretan gidana haka nake yi masa."

Gaskiyarsa, ƙaramin janareta na gida, irin mai hayaƙin nan, sai an gauraya masa mai da fetur. Amma yawancin injunan yankan ciyawa da ke kasuwa yanzu, irin masu injin Honda ko Briggs & Stratton, kamar mota suke: baƙin mai da ƙofarsa, fetur da tasa. In ka ga murfi biyu a jikin inji, ɗaya mai sandar awo, to ba a gauraya masa.

Fetur kuma ka saya a gidan mai, cikin jarka mai tsabta mai murfi. Na kwalba da ake sayarwa a bakin titi yakan zo da ruwa ko datti, ramin kafireto kuwa, wato inda fetur ke haɗuwa da iska kafin ya shiga inji, bai fi bakin allura ba, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta toshe shi. Kada ka cika tanki har baki, ka bar ɗan sarari don fetur yana kumbura da zafi. A waje ake zubawa, nesa da murhu da mai shan taba. In ya zube a jikin inji, ka goge, ka tura injin gaba daga wurin, ka bari ya bushe. In mai ya ƙare kana cikin aiki, ka ba injin aƙalla minti 2 ya huce, ni dai na fi son ka sha ruwa ka huta minti 5. Salansa mai zafi da tururin fetur ba sa ga maciji.

Kafin ka ja igiya

Ka zaga filin da ƙafa tukuna, da sanda a hannu. Ka tsince dutse, ƙashi, ƙusa, waya, kwalba, marfin lemo, abin wasan yara. Duk abin da wuƙar ta tarar, harbo shi take yi kamar daga gwafa, kuma yana iya fasa gilashin mota ko idon mutum. Sandar kuma ka riƙa kaɗa ciyawa da ita inda ta yi duhu, don damina ce, maciji yana son sanyi.

Yara su shige gida, awaki da kaji a kora su. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawara kada yaron da bai kai shekara 12 ba ya tura irin wannan inji. Ka gaya wa matar gida haka cikin ladabi idan ɗanta ya nace sai ya taya ka.

Silifa ba takalmin wannan aiki ba ne. Ka sa takalmi sau-ciki mai kauri wanda ba ya santsi, da dogon wando, da tabarau. Babbar riga da rawani mai jela a ajiye su sai an tashi. Ƙarar injin tana cin kunne a hankali ba tare da mutum ya sani ba, don haka ka nemi abin toshe kunne.

Yanzu ka mayar da hular filogi. Wasu injuna suna da 'yar jar roba mai laushi a gefe, ka danna ta sau 3. Wasu cok gare su, wato madannin da ke rage iska don inji mai sanyi ya yi saurin tashi, wasu kuma ba su da ko ɗaya. In akwai madannin gudu, za ka ga hoton zomo da na kunkuru, ka kai shi wajen zomo. Ka tsaya a bayan inji, ƙafafunka nesa da murfi, ka matse birki da hannu ɗaya, ka jawo igiya da ɗayan a hankali har ka ji ta yi nauyi, sannan ka fizga. Kada ka sake ta ta koma da ƙarfi, ka raka ta. Kuma kada ka taɓa tayar da shi a cikin gareji ko ɗaki. Hayaƙinsa yana ɗauke da gubar nan da ba ta da wari, irin wadda ke kashe iyali a ɗaki idan an kwana da janareta.

Birkin nan da hannunka

Tun shekarar 1982 doka a Amurka ta wajabta cewa idan mai aiki ya saki birkin, wuƙa ta tsaya cikin daƙiƙa 3. Kamfanoni da yawa a duniya sun bi wannan tsari. Amfaninsa shi ne, in ka zame ka faɗi, ko yaro ya ɓullo da gudu, sakin hannu kawai ya isa.

Amma ka je gidaje ka gani. Za ka tarar an ɗaure birkin da robar tayar keke ko igiya, wai don kada inji ya riƙa mutuwa ana wahalar ja. Mai lambu ya bar shi yana aiki, ya zagaya gaba ya ɗauke dutse, ko ya zura hannu ya zaro ciyawar da ta toshe ƙofa. Na san wani matashi da ya yi haka da jiƙaƙƙiyar ciyawa, yau yatsu uku ne a hannunsa na dama. Jan igiya sau ashirin a yini bai kai wannan ba.

Ko injin a kashe yake, ba ka tsira ba sai ka zare hular filogi. Dalili kuwa, wuƙar a jikin sandar injin take. Juya ta da hannu daidai yake da jan igiya, kuma inji mai ɗumi yana iya amsawa. Saboda haka, duk lokacin da hannu zai je ƙarƙashi, a saki birki, a jira wuƙa ta tsaya cik, a zare hula, sannan a yi amfani da itace wajen ƙwaƙulo ciyawar.

Yadda ake yankan

Ka bari raɓa ta bushe. Jiƙaƙƙiyar ciyawa tana toshe inji, tana kuma sa santsi. Ka tura gaba da tafiyar da ba gaggawa, kowane layi ya ɗan hau kan wanda ya gabata. Ja da baya shi ne hanyar da ƙafa ke shiga ƙarƙashin murfi, in ya zama dole sai ka waiga ka ga abin da ke bayanka. A wuri mai gangara, a kwance ake yankawa, daga gefe zuwa gefe, ba hawa da sauka ba. In gangarar ta yi tsanani, ka koma wa adda. Idan za ka tsallaka tsakuwa ko hanyar mota, ka kashe inji.

Kada ka yanke fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ciyawa a lokaci guda. Masu gida suna son a aske ta ƙwal don a daɗe ba a sake ba, amma hakan yana ƙona saiwa, ko kiri-kiri mai taurin rai sai ka ga ta yi ja. In ta yi tsawo sosai, ka ɗaga tayoyi ka bi ta sau ɗaya, bayan kwana biyu ka sauke ka sake bi.

In ka ji wuƙa ta daki wani abu, ka tsaya nan take ka duba. Injin da ya fara karkarwa bayan haka, wuƙarsa ko sandarsa ta lanƙwashe, sai bakanike.

Bayan an tashi

Ka bar shi ya huce. In za ka karkata shi don share ƙarƙashi, ɓangaren matatar iska ya kalli sama, in ba haka ba baƙin mai zai kwarara ya jiƙa ta, gobe inji ya ƙi tashi. Sabon inji ana canza masa baƙin mai bayan awa 5 na farko, daga nan kuma duk bayan kimanin awa 50, ko sau ɗaya a kowace damina. Ka ware shafi ɗaya a littafinka, ka riƙa rubuta kwanan wata da awannin da ka yi. Matatar iska ka riƙa dubawa a kai a kai, musamman da hunturu idan ƙura ta sauko. Wuƙar da ta dakushe tsinka ciyawa take yi, bakin ganyen ya bushe ya yi fari. Idan an wasa ta, ka rataye ta a ƙusa ta ramin tsakiya: in gefe ɗaya ya rinjaya, a ƙara goge wannan gefen har ta tsaya daidai.

Idan damina ta wuce za a ajiye inji, kada a bar fetur a cikinsa. Bayan kamar kwana 30 yakan fara lalacewa, ya zama danƙo a cikin kafireto. Ka bar injin ya yi ta aiki a fili har man ya ƙare ya mutu da kansa, ka zare hular filogi, ka rufe shi da buhu a wuri busasshe inda yara ba sa shiga.