Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa tarho a wuraren da gas ke iya kamawa

Sabbin ma'aikata da zarar sun ga tambarin Ex, wato shaidar cewa an ƙera na'ura don wuraren da gas ke iya kamawa, a jikin tarho sai hankalinsu ya kwanta, alhali a matatar mai ko ma'ajiyar gas yawancin ɓarnar a ramin shigar kebul ake yin ta.

Za ka ga an sayo tarho mai tsada, sannan an ɗaura masa giland, wato abin da ke riƙe kebul a bakin ramin, na roba irin na wayarin gida, ramin da ya rage kuma an naɗe shi da salatef. Wannan ganganci ne. Akwatin tarho nau'in Ex d an ƙera shi ne don in gas ya shiga ya kama a ciki, wutar ta mutu kafin ta fito, kuma rami ɗaya da ba a toshe daidai ba ya isa ya rushe wannan kariya gaba ɗaya. Ka sa giland mai shaidar Ex da ya dace da nau'in akwatin, da kaurin kebul ɗin, da zaren ramin, wanda galibi M20 ne, wato mai faɗin milimita 20. A Ex d zaren ya shiga aƙalla zagaye 5 cikakku. Duk ramin da ba a amfani da shi a rufe shi da marfi mai shaida. In ka gama ɗaurewa ka ja kebul ɗin da hannu. In ya motsa, ba ka gama ba. Ni dai a Ex d na fi yarda da giland da ake cikawa da ƙullin da ke daskarewa tsakanin wayoyi, don gas na iya bin cikin kebul.

Kuskure na biyu shi ne buɗe murfi layi na raye, wai ai tarho ne, ba shi da wuta. Wa ya gaya maka? Layi yana ɗauke da kusan volt 48 ko ba a magana, in kira ya shigo kuma ya kai wajen 75 zuwa 90. Kana riƙe da waya a tsirara wani ya buga lambar daga ofis, ga tartsatsi. Tarhon intanet da ke shan wuta ta kebul ɗinsa ma haka yake. Ka cire layin daga ɗakin na'urori, ka kulle, ka rataya alama, ka karɓi takardar izinin aiki, a auna gas, sannan ka taɓa noti.

A karanta farantin jikin tarhon. Na shiyya ta 2, inda ba a cika samun gas ba, ba ya shiga shiyya ta 1, inda aka fi samunsa, na rukunin gas na IIB ba ya zama inda ake da haidurojin, can sai IIC. T4 na nufin zafin jikinsa ba ya wuce digiri 135, T6 kuma 85. Masana'antar fulawa ƙura ce matsalarta, tana buƙatar shaidar shiyya ta 21 ko 22, wato shiyyoyin ƙura.

Leɓen murfin Ex d ba a yi masa fenti, ba a kankare shi da sukundireba. Giris marar daskarewa kawai, kuma notuna su koma dukkansu. Wayoyin Ex i, wato na layin da wutarsa ba ta isa kunna gas ba, masu launin shuɗi mai haske, a raba bakinsu da na sauran wayoyi da milimita 50. Wayar da ta yi saura a cikin kebul kada a bar ta tana lilo, a ɗaure ta a mazauninta. Tarho mai jikin roba da jiƙaƙƙen ƙyalle ake goge shi, busasshe yana tara cajin da ke iya haifar da tartsatsi.