Kurakuran da muke yi idan muka ba ɗalibai rubutun junansu su duba ba tare da suna ba

Duk malamin da ya taɓa ɗaukar tarin littattafan insha'i zuwa gida ya san yadda abin yake. Ka raba dare kana ja da jan biro, gari ya waye ka rarraba, yaro ya leƙa makinsa ya rufe littafi, shi ke nan. Gyaran da ka sha wahalar yi ba ya shiga rubutunsa na gaba. Shi ya sa wasunmu suka koma ba ɗalibai rubutun junansu su karanta su yi sharhi, ba tare da kowa ya san na wane ne a hannunsa ba. Ɓoye sunan yana da dalili. Yaro ba zai dubi idon abokinsa ya ce masa labarinka bai tsaru ba, balle idan mai rubutun shi ne monita ko wanda ya girme shi. Kunya da kara sai su ɗaure masa baki. Hanyar tana da amfani ƙwarai, amma na ga ta lalace a hannuna, na kuma ga ta lalace a hannun abokan aiki, kuma kusan kullum a wurare iri ɗaya.

Ranar da na fara gwadawa da 'yan aji biyu na babbar sakandare, na sa suka naɗe saman takarda inda sunan yake, na cakuɗa, na raba. Ko minti biyu ba a yi ba wata yarinya ta waiwaya tana yi wa ƙawarta murmushi. Ta gane hannunta. Yaran da suka shekara huɗu a benci ɗaya sun san rubutun juna kamar yadda suka san muryar juna, har kalar biron kowa sun sani. Maganin da na samu shi ne musanya tsakanin azuzuwa: takardun ajin A su tafi ajin B, na B su zo A, kowace da lamba a madadin suna. A kuma kula da jigon da aka bayar. Idan ka ce su rubuta a kan "Gidanmu" ko "Unguwarmu", ai mai rubutu ya riga ya faɗi ko shi wane ne tun a layin farko. A makarantun gaba da sakandare da ke amfani da Moodle, wato wani dandalin koyarwa ta intanet, akwai sashen da ake kira Workshop wanda ke rarraba aikin ya kuma iya ɓoye sunaye, amma takarda da lamba ma sun wadatar.

Sai dai kada malam ya ɓoye wa kansa sunayen. Mai sharhi ma a ba shi lamba, malam ya riƙe jerin a aljihunsa, ya kuma faɗa wa aji a fili cewa shi ya san kowa. Idan ba haka ba, wata rana za ka tarar an rubuta wa wani "daƙiƙi" a gefen takarda, kuma yaron da aka yi wa haka zai daɗe bai sake sakin jiki ya yi rubutu ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a miƙa takardu a ce "to, ku gyara wa juna" a koma tebur a zauna. Abin da zai dawo maka shi ne "ya yi kyau", "ka ƙara ƙoƙari", "Allah ya ƙara basira". Addu'a ce mai kyau, amma ba ta nuna wa mai rubutu layin da zai taɓa ba. Laifin ba na yaran ba ne, domin ba wanda ya taɓa nuna musu yadda ake sharhi. Ni yanzu darasi guda nake warewa kafin a fara. Nakan rubuta sakin layi biyu ko uku nawa na kaina a allo, da raunin da na sa da gangan, mu yi masa sharhi tare da baki. Daga nan in ba su tambayoyi uku kacal: wane wuri ne ya fi kama hankalinka, a ina ka ɓata, me kake son a ƙara gaya maka? Da wannan ne na fara ganin sharhi irin wanda wani yaro ya rubuta: "A sakin layi na biyu gobara ta tashi kana cikin kasuwa, a na uku kuma kana gida kana cin tuwo. Yaya aka yi ka fito?" Mai labarin ya koma ya ƙara layi shida, kuma su ne suka fi komai daɗi a rubutun.

Akwai kuma farautar kurakuran rubutu tun a karatun farko. Yara sun ga malamansu suna zagaye kalmomi, sai su ɗauka gyara ke nan. Za su cika takarda da da'ira a kan ƙ da ɗ da ɓ, alhali labarin ba shi da kai ba shi da gindi. Ko a tsarin makin insha'in Ingilishi na WAEC, cikin maki 50, guda 10 ne kawai na daidaiton rubutu da alamomi. Sauran 40 na abin da aka faɗa ne da tsarinsa da yadda aka bayyana shi. Don haka karatun farko na ma'ana ne da tsari. Ƙa'idojin rubutu su jira zagaye na biyu, kuma a nan ma sai an ba su 'yar takardar tunatarwa, domin na sha ganin wanda ya rubuta "ya ce" daidai, mai duba ya haɗe masa ya koma "yace" saboda haka ya saba gani a waya. Haka ma "a kan" da "akan", da "kafa" da "ƙafa".

Kada a bar su su ba da maki. Da zarar lamba ta hau takarda, ita za a kalla, sai rigima da neman wanda ya bayar. Kuma mai karatu ɗaya ya yi kaɗan. Idan mutum biyu da ba su ga sharhin juna ba suka ɓata a wuri ɗaya, mai rubutu ba shi da bakin musu.

Wanda ya fi damuna na bar shi ƙarshe, domin ni ma na daɗe ina yin sa. An yi musanya, an yi sharhi, an mayar wa kowa takardarsa, sai aka buga ƙararrawa, mako mai zuwa kuma aka shiga sabon darasi saboda manhaja tana kora. To me aka yi ke nan? Duk hidimar don a sake rubutun aka yi ta. A ware darasi cikakke na minti 40 a cikin aji, kada a mayar da shi aikin gida, a zauna a sake rubutawa malam yana zagayawa. Kuma a gaya wa ɗalibi cewa ba dole ne ya karɓi kowace shawara ba, rubutun nasa ne. Abin da nake nema a wurinsa shi ne ya haɗa takardu uku da fil: rubutun farko, sharhin da aka yi masa, da sabon rubutun, sannan a ƙasa ya rubuta layi biyu ko uku yana faɗin shawarar da ya ɗauka da wadda ya bari da dalilinsa. Sabon rubutun nake ba maki, tare da 'yan maki kaɗan ga mai sharhin da ya yi aikinsa tsakani da Allah.