Kurakuran da aka fi yi wajen binciken mutanen da ke ɓuya

Masu allurar ƙwaya, mata masu zaman kansu, baƙin haure marasa takardu, masu kwana a titi: babu rajistar da ke ɗauke da sunayensu, kuma da yawansu suna da dalilin ɓuya. Tunda mai bincike ba shi da jerin sunayen da zai zaɓo daga ciki, ƙofar da ya shiga ita ce ke yanke masa waɗanda zai gani.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a zauna a asibiti ko cibiyar taimako, a yi hira da duk wanda ya shigo, sannan a rubuta rahoto kamar an ji ta bakin kowa. Ai wanda ya iya takowa cibiya daban yake da wanda tsoro ya hana. Ka faɗi a fili su wa ka samu, ka kuma nemi wasu ƙofofin.

Sai hanyar wani ya kawo wani. Tana da sauƙi, amma mutum nasa yake kawowa, sai ka wayi gari duk waɗanda ka tattauna da su 'yan rukuni ɗaya ne. A 1997 masanin zamantakewa Douglas Heckathorn, da yake aiki da masu allurar ƙwaya a jihar Konetikat ta Amurka, ya fitar da gyara: a bai wa kowa katin gayyata mai lamba, galibi uku kacal, a riƙa rubuta wa ya kawo wa, a kuma tambayi kowa yawan mutanen da ya sani. A nan ne aka fi yin tuntuɓe. Wasu su fara da mutum biyar duk aminan juna. Wasu su tsaya a zagaye na biyu don adadin da suke nema ya cika, alhali sarƙar ba ta yi nisa da inda ta faro ba. Fara da mutane mabambanta a shekaru, jinsi da wurin zama, ka bar sarƙar ta yi tsawo.

Tambayar yawan sanayya kuwa, a ganina, ita aka fi wulaƙantawa. Ka ce wa mutum "nawa ka sani?" ya ɗaga kafaɗa ya ce "kamar ɗari", kai kuma ka rubuta 100. To da wannan lambar ake lissafi, domin wanda ya san mutum 50 ya fi saurin samun kati a kan wanda ya san 5, don haka ake rage nauyin amsarsa. Matse tambayar: nawa ka sani da suna, su ma sun san ka, kuma kun haɗu cikin watan da ya wuce?

Kuɗin sallamar da ake bai wa waɗanda aka yi hira da su in ya yi yawa, katin zai zama haja, har wanda ba ya cikin rukunin ya saya ya zo da labarin ƙarya. A daidaita shi, a kuma tantance kowa da tambayoyin da ɗan ciki ne kawai zai iya amsawa.

Wajen ƙiyasta yawan mutanen da ke ɓuya akwai dabarar da aka aro daga masu ƙidayar kifi. A ce ka raba wani ɗan abu ga mutum 200, bayan makonni ka tambayi 100, ka tarar 20 sun samu. Tunda ɗaya cikin biyar ne suka samu, mutum 200 ɗin ɗaya bisa biyar ne na jimillar, ƙiyasin ya zama 1,000. Amma in wuri ɗaya ka je sau biyun, fuskoki ɗaya za ka yi ta gani, adadin ya fito ƙasa da gaskiya. Dole zagayen biyu su kasance ba ruwan wani da wani.

Mafi muni shi ne jefa mutane cikin haɗari. A shekarun 1960 masanin zamantakewa Laud Humphreys ya riƙa rubuta lambobin motocin mazan da yake nazari a kansu a ɓoye, ya gano gidajensu, ya je musu a matsayin mai binciken lafiya. Har yau ana kafa misali da shi a darussan ɗa'ar bincike. Kada ka rubuta suna in lamba za ta wadatar, ka nemi izinin kwamitin ɗa'a a karɓi amincewa da baki inda sa hannu zai tona asiri, kuma taswirar wuraren da suke taruwa kada ta shiga rahoton da za a buga.