Kurakuran da aka fi yi wajen koyon adana bayanan kwamfuta

Duk lokacin da na tambayi sababbin ɗalibai yadda za su adana takardun wata ma'aikata har shekara 50, amsarsu ɗaya ce: a yi musu sikanin a zuba a kwamfuta. Wannan shi ne kuskure na farko, kuma shi ya haifi sauran. Takarda in ta tsira daga gara da ruwa da gobara, tana iya kwana shekara 100 a akwati ba abin da ya same ta. Fayil ɗin kwamfuta kuwa dabbar kiwo ce, ranar da aka daina leƙa ta ranar ta fara ramewa.

Ina son kowane ɗalibi ya san abin da ya faru a Ingila. A 1986 gidan rediyo da talabijin na BBC ya tattara hotuna da taswirori da rubuce-rubuce kan rayuwar ƙasar, da gudummawar ɗimbin 'yan makaranta, don cikar kundin Domesday na 1086, wato kundin ƙididdigar filaye da dukiyar Ingila, shekara 900. Aka zuba aikin a manyan faya-fayai biyu. Kafin a yi shekara 20, na'urar da ke karanta su ta kusa ƙarewa, sai da masana daga jami'o'in Leeds da Michigan suka ƙera manhajar da ke kwaikwayon tsohuwar kwamfutar a 2002. Shi kuwa kundin fata na 1086 yana nan a taskar tarihin Birtaniya da ke Kew, a Landan, ana karanta shi. Faya-fayan ba su lalace ba, abin karanta su ne ya ɓace. Don haka a koya wa ɗalibi ya riƙa ƙaurar da bayanai zuwa sabuwar ma'ajiya duk bayan 'yan shekaru, tun tsohuwar tana da rai.

Haka batun nau'in fayil. Mutane na ajiye abu a tsarin da manhaja ɗaya ce kawai ke buɗe shi. Gyaran ba wuya: rubutu a mayar da shi PDF/A, wanda aka amince da shi a matsayin ma'auni tun 2005, hoto a ajiye shi a TIFF, jadawalin lissafi a CSV. Amma kada a goge na asali, a ajiye su tare. Akwai manhajar DROID ta taskar tarihin Birtaniya, kyauta ce, tana gano nau'in kowane fayil.

Sai kuskuren ajiye kwafi ɗaya. Ko kwafi uku duk a ofis ɗaya, wanda daidai yake da ɗaya, tunda gobara ko wutar lantarki da ta dawo da ƙarfi za ta cinye su tare. Ƙa'idar da aka sani ita ce kwafi uku, a ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wani gini ko wani gari. A ƙasarmu ta zafi da ƙurar hunturu, filashi da faifan CD ba abin dogaro ba ne. Kada kuma a ce an ɗora a intanet shi ke nan. A 2019 kamfanin MySpace ya amsa cewa ya yi asarar waƙoƙin da mutane suka ɗora na shekaru masu yawa, wajen sauya manyan kwamfutocinsa.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne raba fayil da asalinsa. Ka buɗe faifai ka tarar da hotuna 3,000, sunayensu IMG_0041, IMG_0042, ba wanda ya san wa ya ɗauka, yaushe, a ina, daga wane kundi. Irin wannan ba ya zama hujja a kotu, ba ya amfanar mai bincike. Wasu ma ta WhatsApp suke tura wa juna hotunan takardu, alhali yana rage ingancin hoto yana kuma share bayanan da ke cikinsa. Dole ɗalibi ya saba rubuta asalin kowane fayil tun ranar karɓa: wanda ya kawo shi, ofishin da ya samar da shi, da duk canjin da aka yi masa. Kwanan wata a sunan fayil a fara shi da shekara, kamar 2024-03-15, don fayiloli su jeru da kansu. A kuma ciro wa kowane fayil lambar tantancewa ta SHA-256, wadda take kamar zanen yatsa. In ko ɗigo ya canza a ciki, lambar za ta canza, sai a ɗauko lafiyayyen kwafi a maye gurbin.

Mu malamai ma muna da namu laifin. Muna sa ɗalibai su haddace tsarin OAIS, wato ma'aunin da ke bayyana yadda taskar bayanai ke aiki, su zana shi a jarrabawa, su fita ba su taɓa ceto fayil ɗaya ba. Abin da nake yi yanzu shi ne in ba kowane rukuni tsohon filashi cike da fayiloli a hargitse. Su gano nau'insu, su ciro lambobinsu, su rubuta asalinsu, su yi kwafi uku. Bayan wata guda sai in lalata fayil ɗaya a ɓoye, in ce su nemo shi su gyara kafin a tashi darasi.