Yadda ake kafa eriyar rediyo a cikin rufin gida, inda idon maƙwabta ba ya kaiwa

Duk wanda ya taso yana murɗa akwatin rediyo da asuba don kamo BBC ko Jamus a gajeren zango ya san abin da ake yi idan murya ta fara nitsewa: a ɗaura 'yar waya a jikin eriya, a jefa ɗaya bakin kan katanga. Masu rediyon sha'awa, wato waɗanda suka ci jarrabawa suka karɓi lasisin watsa magana da kansu don hira da takwarorinsu a wasu nahiyoyi, su ma da waya suke aiki. Sai dai tasu dole a auna ta, kuma dole a sami inda za a rataye ta. A Amurka wannan na biyun shi ne ciwon kan mutane da yawa.

Sababbin rukunin gidaje a can galibi suna ƙarƙashin ƙungiyar masu gidaje da ake kira HOA. Ranar da ka sayi gida za ka sa hannu a kan yarjejeniyar da ta tsara launin fenti da tsayin ciyawa, kuma sau da yawa ta hana kafa eriya a waje. A 1985 hukumar sadarwa ta ƙasar, FCC, ta fitar da hukuncin PRB-1 wanda ya tilasta wa jihohi da ƙananan hukumomi su ba masu rediyo dama daidai gwargwado, amma hukuncin bai taɓa yarjejeniyar da mutum ya shiga da ƙafarsa ba. Ƙa'idar 1996 da ta kare ƙaramin dish na talabijin ita ma ba ta haɗa da eriyar masu rediyo ba. Majalisar wakilai ta amince da ƙudirin gyara wannan a 2016, ta sake amincewa a 2017, duka biyun suka maƙale a majalisar dattawa. Ɗan haya a bene a Landan ko Toronto shi ma a irin wannan ƙuncin yake, ko da babu wata ƙungiya: fili ne babu.

Ni shawarata ga mai farawa ita ce ya bar zancen ɓoye eriya a cikin sandar tuta ko a jikin indararo tukuna, ya hau sararin da ke tsakanin silin da rufi. Yarjejeniyoyin nan yawanci abin da ake gani daga waje suke magana a kai. Eriyar da ke cikin gida ba ta karya alƙawarin da ka ɗauka ba, ruwa da iska ba sa taɓa ta, kuma kuɗin kayanta kaɗan ne. Karanta taka takardar dai da kyau, in kuma haya kake, faɗa wa mai gida kafin ka huda masa silin.

Mataki na farko: duba rufin

Wannan shi ke yanke hukunci, don haka kada ka sayi komai kafin ka leƙa. Idan rufin katako ne da fale-falen kwalta, irin na yawancin gidajen Amurka, ko na tayil ɗin yumɓu, igiyar rediyo za ta ratsa shi ba tare da asara mai yawa ba. Idan kwano ne, zance ya ƙare, domin ƙarfe zai tsare siginar a ciki. Haka idan an manna takardar alminiyom mai mayar da zafi a bayan katakon rufin, abin da ake yawan yi a jihohi masu zafi kamar Texas. Wannan ne ma dalilin da ya sa dabarar ba za ta yi wa mai gida a Kano ko Maraɗi amfani ba, inda rufi kwano ne ko dakin siminti mai rodi. Shi waje zai fita da wayarsa, kuma akasari babu mai hana shi.

Ka auna tsawon wurin daga bango zuwa bango, ka lura da inda wayoyin lantarki da bututun na'urar sanyaya ɗaki suka bi. Ƙafa kuwa a kan katakon giciye kawai ake ɗora ta. Allon silin ba ya ɗaukar mutum. Hau da sassafe idan lokacin zafi ne, da takunkumi a hanci saboda audugar gilashin da ake shimfiɗawa a wurin, da hula mai tauri saboda ƙusoshin da suka leƙo daga rufi.

Mataki na biyu: zaɓi zango ɗaya

Sabon shiga yana son eriya ɗaya ta yi masa kowane zango. A ƙuntataccen wuri wannan buri shi ke jawo wa mutum eriyar da ba ta yin ko ɗaya da kyau. Ka fara da zangon mita 20, daga megahaz 14.000 zuwa 14.350. Yana buɗewa da rana kusan duk shekara, yana kai magana ƙetaren teku, kuma wayarsa tana shiga yawancin gidaje.

Eriyar da za ka yi ita ce daifol: waya biyu masu tsawo ɗaya, ɗaya ta yi dama ɗaya ta yi hagu, kebul ya shigo ta tsakiya. Lissafinta tsoho ne: raba 143 da megahaz ɗin da kake so, ka sami jimillar tsawo a mita. Na 14.2 ya ba ka mita 10 da 'yan santimita, wato kusan mita 5 kowane gefe. Amma yanka mita 5.3 kowanne. Rage waya abu ne mai sauƙi, ƙara ta a cikin zafin rufi kuwa wahala ce. Wanda lasisinsa na matakin farko ne a Amurka, wanda ba a ba shi damar magana a mita 20 ba, sai ya yi ta mita 10: megahaz 28.4, kusan mita 2.5 kowane gefe.

Kayan aiki: wayar tagulla mai riga irin ta wayarin gida, guntayen bututun roba na PVC guda uku da za ka huda su zama marikai, igiyar nailan, kebul ɗin kowaks mai om 50 kamar RG-8X ko RG-58, da zoben ferait (baƙin zobe da ake naɗa kebul a ciki don tare wutar da ke bin bayansa) samfurin FT240-31 ko FT240-43. Kebul ɗin dish om 75 ne, a ajiye shi gefe a wannan karon.

Mataki na uku: tsakiya da zoben ferait

A marikin tsakiya, haɗa zaren cikin kebul da waya ɗaya, ragar da ke kewaye da shi kuma da ɗayar. Narka dalma a kan mahaɗan biyu, ka ɗaure kebul ɗin a jikin bututun yadda nauyinsa ba zai ja su ba.

Dab da wannan mahaɗa, naɗa kebul ɗin sau 10 zuwa 12 a cikin zoben ferait. RG-58 ya fi sauƙin lanƙwasawa a nan. Mutane suna tsallake wannan, kuma a eriyar cikin gida shi ne abin da bai kamata a tsallake ba. Idan babu zoben, wani ɓangare na wutar da ka aika zai dawo ta bayan ragar kebul, sai kebul ɗin kansa ya zama eriya, alhali ya ratso ta cikin bango kusa da wayoyin gida. Daga nan sai ka ji muryarka a lasifikar kwamfuta, intanet ya yanke duk sanda ka danna makirfo, wani lokaci har na'urar gano hayaƙi ta yi ƙara. Ta wannan hanyar kuma hayaniyar kayan lantarkin gida ke hawa zuwa eriya ta toshe maka kunne. Zobe na biyu kusa da rediyo ba asara ba ne.

Mataki na huɗu: rataya

Ɗaga tsakiyar zuwa can ƙololuwar rufi iya yadda za ka iya. Yawancin siginar daga sashen tsakiya take fita, inda wuta ta fi gudu, saboda haka wannan sashen shi za ka miƙar sosai. Idan wurin bai kai mita 10 ba, lanƙwasa bakunan biyu, su gangara ko su karkata gefe, amma a yi wa ɓangarorin biyu iri ɗaya gwargwadon hali, kuma kada waya ta juyo ta bi kanta a kusa.

Bakunan su ne masu haɗari. A can ƙarfin lantarki yake taruwa, kuma da wat 100 yana kai ɗaruruwan bolt. Kada bakin waya ya taɓa katako ko audugar rufi. Ɗaure shi a bututun roba, bututun kuma a ja shi da igiya zuwa ƙugiya, a bar tazarar taƙi ɗaya aƙalla tsakaninsa da komai. Kada ka buga wayar a jikin katako da ƙusa. Inda dole ta haɗu da wayar lantarki, ta gitta ta a giciye da tazara, kada su yi tafiya kafaɗa da kafaɗa. Kebul kuwa ya sauka kai tsaye daga tsakiya, ya bi ta silin ɗin kabad zuwa ɗakin da rediyo yake.

Daifol ta fi ji da aikawa ta gefunanta biyu, ba ta bakunanta ba. Idan gidan ya ba ka zaɓi, juya faɗinta ga nahiyar da kake muradi. Sau da yawa ginin ne zai zaɓa maka, kuma ba abin damuwa ba ne, domin a wannan tsayin bambancin ba ya da tsanani.

Mataki na biyar: awo da datsa

A nan ake bukatar haƙuri. Sami ƙaramar na'urar awo irin NanoVNA, ko ka ara a ƙungiyar masu rediyo ta garinku, ka duba a wane megahaz ne SWR ya fi sauka. SWR shi ke nuna yawan wutar da eriya ta ƙi karɓa ta mayar wa rediyo. Kusan kullum za ka tarar wurin saukar yana ƙasa da inda kake so, saboda ka yanka da tsawo, kuma rigar waya da kusancin katako suna sa eriya ta yi kamar ta fi tsawonta. Rage kashi ɗaya cikin ɗari na tsawo yana ɗaga ta da kusan kashi ɗaya cikin ɗari: santimita 5 a kowane gefe zai matsar da ita kamar kilohaz 140. Kada ka yanke. Ninke bakin ka murɗe shi a jikin wayar, ka sauka ka sake awo, sai ka gamsu sannan ka sa almakashi. SWR ƙasa da 2 a faɗin inda kake aiki ya wadatar. Neman 1 daidai ɓata lokaci ne, wanda ke ɗaya gefen ba zai ji bambanci ba.

Mataki na shida: farautar hayaniya

Eriyar cikin rufi takan aika fiye da yadda ake zato. Rauninta a ji yake, domin tana zaune a tsakiyar cajar waya, ƙwan LED, talabijin da inbatar sola. Haɗa rediyo da batir, ka kashe wutar gidan gaba ɗaya daga babban makunni, ka saurara. Idan shuuu ɗin ya faɗi, mai laifin a gidanka yake. Mayar da layukan ɗaya bayan ɗaya har ya dawo, sannan ka bi ɗakin kana zare filogi. Sau da yawa caja ce mai araha, maye ta da mai kyau ya fi duk wata dabara. Abin da ba ya sauyuwa sai a naɗa wayarsa a ferait. Awa biyu a wannan aiki za su ƙara maka tashoshin da kake ji fiye da sabuwar rediyo.

Mataki na bakwai: ƙarfin wuta da lafiyar iyali

Dokar Amurka ta yarda da har wat 1500, amma wannan ba na eriyar da ke saman ɗakin kwanan yara ba ne. Tun Mayun 2021 FCC ta tsaurara wa masu rediyo dokar tantance yawan igiyar da ke isa jikin mutane daga tasharsu, hukumar sadarwa ta Birtaniya, Ofcom, ita ma ta sa irin wannan sharaɗi a shekarar. Ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta Amurka, ARRL, tana da shafin lissafi kyauta: ka sa wat, zango da tazara, ya gaya maka ko kana cikin iyaka. Yi lissafin da ɗakin da ya fi kusa da wayar, kuma idan bango ɗaya kuka haɗa da maƙwabci, sa nasa ɗakin a ciki. Ni ina ganin wat 20 zuwa 50 ya ishi eriyar rufi. Tsarin FT8 na aika gajerun saƙonni ta kwamfutar da aka haɗa da rediyo, wanda Joe Taylor da Steve Franke suka fitar a 2017, yana tsinto saƙon da kunne ba ya ji sam a cikin hayaniya, kuma a mita 20 ana samunsa a 14.074. Aika kira da FT8 na 'yan mintoci da rana, sannan ka buɗe shafin PSKReporter ka sa alamar kiranka. Taswira za ta nuna maka tashoshin da suka ji ka da ƙarfin da suka ji ka da shi. Ajiye wannan a matsayin ma'auni, duk gyaran da ka yi daga baya ka gwada shi da shi. Lokacin hadari kuma zare kebul daga rediyo, don kasancewa a ƙarƙashin rufi ba ya hana tsawar da ta faɗi kusa cusa wuta a waya.

Idan rufin ya ƙi

Mai rufin kwano ko mai zama a bene yana da hanyoyi biyu da na yarda da su. Ta farko siririyar waya ce mai baƙar riga, tsawon kusan mita 10 don zangon mita 20, wadda ake ba wuta ta baki ɗaya da taransifoma mai rabon 49 da 1. Tana fita ta taga zuwa bishiya, daga titi da ƙyar ake ganinta. Tunda a waje take, nemi izini a rubuce, ka nuna wa kwamitin guntun wayar a tafin hannunka. Da yawansu doguwar hasumiyar ƙarfe suke hangowa idan an ce eriya. Kada ta bi sama ko ƙasan wayar wutar titi ko kusa da ita. Ta biyu eriyar zobe ce mai faɗin kusan mita ɗaya da ake ajiyewa a baranda a shigo da ita bayan an gama. Tana aiki, sai dai duk ɗan motsi a zango sai an sake daidaita ta, kuma da wat 100 dubban bolt ne ke kan kafasitarta, wato abin da ake murɗawa a daidaita ta, don haka a rage wuta, kuma babu mai zuwa kusa da ita ana watsawa.

Wanda daifol ɗinsa ta zauna kuma yana son ƙarin zango ba sai ya ja sabon kebul ba. Ƙara waya biyu a marikin tsakiya ɗaya, kusan mita 3.95 kowacce don mita 17, ko 2.5 don mita 10, a ware su daga na farko kamar yatsun hannu. Fara daidaita mafi tsawo, sannan gajeren, sannan ka koma ka sake duba dogon, domin kowanne yana ɗan jan ɗan'uwansa.